Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga manyanmu 'yan Daura mazauna Abuja, Kaduna, Kano da Legas

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayena da yayyena, ranku ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali, ya kuma haƙuri da wannan tsadar rayuwa da ta ishi kowa. Ni ɗanku ne, tela ne ni a nan cikin gari, ba ni da muƙami ba ni da jam'iyya, kuma wallahi ba wanda ya aiko ni. Na rubuto a fili ne saboda in na ce zan bi ku ɗaya bayan ɗaya to a bakin get zan ƙare wajen maigadi, ku kuma in kun zo gida kwana biyu ne ko uku, ga 'yan gaisuwa ga 'yan maula ga 'yan siyasa, ba ku da lokacin zama da irinmu, ban kuma ga laifinku a nan ba.

Maganar Sallar Gani ce ta kawo ni, da Hawan Magajiya, da duk wani hawa da ake yi a garin nan. Hawan kam lafiyarsa lau, Mai Martaba Allah ya ja zamaninsa yana riƙe da shi yadda ya gada. Damuwata masu haɗa kayan hawan ne, dukawa da maƙera da masu ɗinkin jalala da lifidi, sai kuma makaɗa da mabusa, waɗannan mutanen suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a gabanmu kuma yaransu ba sa zama a gurbinsu.

Duk shekara in watan Maulidi ya kama sai mu ga jerin motocinku ta hanyar Kazaure, wasu ta hanyar Katsina, gari ya cika ya batse, a hau dawakai a sha rawani, 'ya'yanku su yi ta ɗaukar hoto suna ɗorawa a Facebook da TikTok a rubuta Daura ta Abdu tushen Hausa. Muna jin daɗi fa, kar ku ce ba na godiya, mai shayi ya samu, mai fura ta samu, mai kilishi ya samu, ni kaina a satin nan ba na barci saboda ɗinki. Amma don Allah a hawa mai zuwa kafin ku sa ƙafa a likkafa ku ɗan duba dokin nan tun daga ragama har jela, sirdi, linzami, kamazuru, majayi, jalala, takalmin da ke ƙafarku, ku tambayi yaron dokinku wanne ne aka yi a Daura. Mafi yawa daga kasuwar Kurmi ta Kano aka kwaso su a but ɗin mota, wannan ma da sauƙi tunda aikin hannun Bahaushe ne, wasu kuwa roba ce zalla mai ƙyalli 'yar waje, ta yi kyau a hoto, rana ta dake ta sau biyu ta fara ɓarewa.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, Baba muke ce masa kawai, baduku ne gaba da baya. In ka shiga zaurensa warin jima ne zai fara tarbarka, yana zaune a kan buzu ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale bakin fatar a babban yatsansa yana ja, ga basilla a hannu ga 'yar wuƙarsa da ta sha wasa har ta koma siririya, gefe ga wani tsohon gwangwani na baƙin rini, ga jar fatar akuya da aka rina da karan dafi. In yana kitsa kamazuru ba ya kallon hannunsa ma, hira yake da kai silin fata na shiga suna fita, sai dai in zai zura zare ya kira wani yaro da ke wucewa don idon ya yi rauni. A gabana wani yaron babban mutum ya zo masa ana saura 'yan kwanaki Gani, wai Alhaji na son kayan doki cikakku na gida irin na da, kuma lallai kafin hawa. Baba ya ce lokaci ya ƙure, aka yi ta magiya, ya karɓa, ya ci bashin fata, ya kwana yana aiki da fitilar waya. Da aka zo ɗauka sai ciniki ya dawo sabo, wai a Kano an ce musu ƙasa da haka, aka ba shi rabi aka ce ragowar Alhaji zai turo in ya koma. An yi hawa an sauka, an koma, Baba ba shi da lambar Alhaji, yaron kuma ya daina ɗaga waya. Ba zan faɗi ko waye ba, ƙila ma shi Alhajin ya bayar a hanya abin ya maƙale, Allah masani. Amma 'ya'yan Baba suna tsaye suna kallo lokacin da ake wannan cinikin, to ku gaya min da wane baki zai ce musu su zauna su koyi dukanci?

Ɗayansu yanzu POS yake yi a bakin titi, ɗayan yana jan Keke Napep. Na sha jin manya na cewa yaran yanzu ba sa son sana'ar gado, ragwaye ne, waya ta lalata su. Haba ranku ya daɗe. Yaron da ke tashi da asuba ya yini a rana yana jan keke ba rago ba ne, lissafi ya yi, mai POS kafin magariba ya san abin da ya samu ya kai cefane gida, baduku kuwa sai ya nemo fata da tsada tunda ta shanu masu ganda sun rigaye shi, ta awaki kuma dillalan kamfanonin jima na Kano sun kwashe mai kyan, a jeme ta da bagaruwa, a rina, a yanka, a ɗinka, sati biyu uku yana abu ɗaya, sannan mai saye ya zo sau ɗaya a shekara yana taya shi da farashin roba. Ko ni aka ba zaɓi a shekarun yaron nan keken zan ja.

Mu da muke alfahari da labarin Bayajidda, duk baƙon da ya zo sai mun kai shi rijiyar Kusugu an ja masa ruwa da guga ya sha, a ba shi labarin tsohuwa Ayana da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da sarauniya Daurama, da Bawo da Hausa Bakwai. To a cikin labarin nan dai da muke bayarwa, makamin da ya sare kan macijin ai maƙera ne suka ƙera masa a Gaya kafin ya iso nan. Su ba a cika tsayawa a kansu ba in ana ba da labarin, kamar yadda ba a tsayawa a kansu ranar hawa. Ka zaga wajen maƙeranmu yau, ƙofa da taga da gyaran baro suke yi da walda, kuma ba laifi don shi ke kawo abinci, amma wanda zai ƙera maka linzami ko ƙaimi ko likkafa da hannu sai ka yi tambaya sosai kafin a nuna maka, in an nuna maka kuma mai furfura za ka tarar.

Haka zancen yake wajen makaɗa da mabusa. Kakaki da algaita da tambari ba a koyonsu a YouTube, yaro ne ke tashi a gidan yana riƙe wa babansa kaya, yana jin take yana haddacewa, wannan taken sarki ne wannan na hakimi kaza ne, har ranar da za a miƙa masa. In wannan sarƙar ta tsinke a gida ɗaya to abin da ke kan tsohon nan ya tafi da shi kabari. Ku tuna fa a garin nan aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, mutumin Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa, ba don komai ba sai don irin riƙon da marigayi Sarki Muhammadu Bashar ya yi masa. Da can haka tsarin yake, kowane makaɗi kowane mai sana'a yana da ubangida, da kaka a aika masa da hatsi, da salla a yi masa riga, in matarsa ta haihu a sai masa rago, shi kuma ya san yana da wanda zai yi wa aiki shekara ta zagayo. Yanzu abin ya koma liƙi, rana ɗaya a yi ruwan sababbin kuɗi a gaban kyamara, washegari ka ga mutum takwas sun zauna a gindin bedi suna warware 'yan takardun da aka tattake suna rabawa, abin da kowa zai samu bai kai shi ƙarshen wata ba. Bikin 'ya'yanku kuma in ya tashi DJ ake ɗaukowa daga Kano da manyan sifiku, masu kalangu suna bakin ƙofar hol ana hana su shiga.

Na san akwai masu cewa su ba ruwansu da kiɗa, wasu ma Ganin gaba ɗaya ba su yarda da ita ba, wannan magana ce ta malamai ni ba zan sa baki ba, tela ne ni. Amma ai ban taɓa jin malamin da ya haramta sirdi ko takalmin fata ko gafakar Alƙur'ani ko tabarma ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da makaɗi ba ga baduku nan ga maƙeri ga masaƙi, ya ɗauki ɗaya.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira kuma, ranku ya daɗe, kun fi ni sanin yadda garin nan ya kasance daga 2015 zuwa 2023. Ɗanmu na kan mulki, kowace salla gwamnoni da ministoci na tururuwa, an kawo mana kwalejin fasaha ta tarayya a 2019, ga jami'ar sufuri, ga asibitin sojan sama, an gode Allah an gode wa waɗanda suka yi. Baba Buhari ya rasu ran 13 ga Yulin 2025 a Landan aka kawo shi gida aka binne shi ran 15, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. To wancan zamanin ya wuce, masu zuwa don a gan su a Daura sun ragu kuma za su ci gaba da raguwa, wannan ba gori ba ne haka duniya take. Mun kuma ga yadda kasuwa ke yi in aka rufe boda, a Agustan 2019 an rufe, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an sake rufewa, duk mai hulɗa da bodar Kongolam da kasuwar Mai'aduwa ya ji a jikinsa. Abin da ya rage mana wanda ba ya bin zaɓe kuma ba a rufe shi da sanarwa daga Abuja shi ne sunan garin nan da tarihinsa, duk Bahaushen duniya daga Damagaram har Kumasi har Sudan ya san sunan Daura. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta nan zai bi. In Allah ya sa jirgin ya fara aiki baƙo ya sauka ya je Kusugu ya sha ruwa ya fito, me zai saya ya kai tsaraba? A yanzu dai in ya waiga fiya wata zai gani da katin waya da takalman roba.

Kanawa kuma ba su zauna ba, a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Ina taya su murna, amma raina ya ɗan sosu ba zan ɓoye ba. Irin wannan ai ba ya samuwa sai wasu sun zauna sun rubuta, sun ɗauki hoto da murya, sun nuna su wa ke yin kayan, su wa ke busa, ta yaya ake gadar da abin ga yara. A cikinku akwai farfesoshi akwai manyan sakatarori akwai waɗanda suka yi aikin jakadanci, wannan aikin ku ne ya fi dacewa da shi, mu namu allura da zare.

To me nake roƙo? Ba gidauniya nake so a kafa ba don Allah, kar a kira taro a otal a Abuja a yi kalanda da hotunan shugabanni a buɗe guruf a WhatsApp, bayan wata biyu guruf ɗin ya koma na tura barka da Juma'a da faɗan siyasa, mun ga irinsu da yawa. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk mai niyyar hawa a cikinku ya ba da aikin kayan dokinsa a gida, kuma ya bayar da wuri, tun watan Shawwal ko bayan babbar salla in na Gani ne, ya ba da kafin alƙalami mai kauri don a sayi fata ba da bashi ba, in an gama ya biya da hannunsa ko ya tura kai tsaye a akawun ɗin mai aikin, kar a bi ta hannun yara. Kuma a daina taya aikin hannu da farashin na kanti, abin da zai yi maka shekara goma kana hawa da shi har ɗanka ya gada ba ɗaya yake da na shekara guda ba. In mutum ashirin kacal a cikinku suka yi haka duk shekara wallahi zauren Baba zai cika da yara ba tare da kowa ya yi musu wa'azin sana'ar gado ba, su da kansu za su ajiye keken.

Wanda Allah ya hore wa fiye da haka ya ɗauki nauyin yaro ɗaya mai koyo, ya riƙa ba shi ɗan abin da zai hana shi tafiya neman na abinci, ya kuma ba mai koyarwar nasa, shekara biyu ko uku. Ku lissafa abin da kuke zuba wa mota na mai daga Abuja zuwa Daura da komawa tun da aka cire tallafi a 2023, ina jin na zuwa ɗaya zai riƙe yaron nan wata da watanni. Sharaɗi ɗaya, yaron ya ci gaba da zuwa makaranta, boko da islamiyya, don ba so muke a ce dukanci na wanda bai yi karatu ba ne, ai wanda ya yi karatun shi zai iya ɗaukar hoton jaka ya sa a intanet ya sayar wa mutumin Legas.

Matanmu ma kar a manta da su, don su ba sa fitowa hawa sai a ɗauka ba su cikin lissafi. Masu saƙar faifai da tabarma da ɗinkin hula suna nan cikin gidaje, dillaliya ce ke zagayawa ta karɓa a arha don ba su da inda za su kai. Hajiyoyinmu na Abuja masu rabon robobi da kofuna a biki, da za a riƙa ba da odar faifai da mafici daga gida ana rabawa ai da an ga canji a gidaje da yawa, kuma ya fi robar kyau nesa ba kusa ba. Tsofaffin da suka iya waƙoƙin daka da na niƙa da kiɗan ƙwarya da shantu kuwa ko waya aka ba 'yan matanmu na kwaleji su bi su suna naɗa a ajiye an yi aiki, injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa, a bakin 'yan tsirarun tsofaffi kawai ta rage.

Sai magana ta ƙarshe wadda ta fi ƙarfin bakina amma ba ta fi ƙarfin naku ba. Masarautar nan ƙananan hukumomi biyar ce, Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, ita Daura mazaɓu 11 gare ta kowace da kansilanta. A Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ni in na je sakatariya na ce ina son ganin abin da aka ware wa masu sana'ar hannu ko yashe kwata a kasafin bana, za a tambaye ni wa ya turo ni. Ku kuwa in kuka ɗaga waya za a amsa da ranka ya daɗe. Ku yi amfani da wannan girman ku tambaya mana, cikin mutunci ba da faɗa ba, ko za a samu 'yan rumfuna ko da goma ne kusa da Kusugu a ba dukawa da maƙera da mata masu saƙa su baje kayansu, a ba masu yin aikin da hannunsu fa, kar a wayi gari rumfunan sun zama na 'yan uwan wane ana sai da lemo a ciki. Ku kuma tambaya a kan shara, don washegarin hawa in kun kama hanya mu ake bari da ledoji da kashin dawaki, ledojin nan su ne ke toshe magudanan ruwa in damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane ya kwantar da katangar ƙasa. Samarin unguwanni suna fitowa aikin gayya ba sai an roƙe su ba, abin da ke hana su shebur ne da baro da motar da za ta kwashe abin da aka yaso, in ba haka ba a tara shi a bakin kwata ruwan farko ya mai da shi ciki.

Na san wasu za su ce yaron nan ya cika baki, wa ya aike shi, ku yi haƙuri in na yi tsauri a wani wuri, ba raini ba ne, ku ne manyanmu ba mu da wasu. In har za a zauna a kan maganar nan to a zauna a Daura, a zauren ɗaya daga cikinku, a kira Sarkin Maƙera da manyan dukawa da makaɗa su faɗi da bakinsu abin da suke buƙata don sun fi ni sani, a nemi izinin fada tukuna yadda aka saba. Kuma a sa shi bayan la'asar, da safe kowa na wajen nema ba wanda zai zo.

Allah ya ƙara girma, ya maido ku gida lafiya. Wassalam.

Ɗanku,
wani tela a cikin garin Daura